Yatsan Inna Ba Ya Buɗe Ƙofa

Ni mai kitso ce, kuma mai kitso a ƙasar mutane ba gidan da ba ta shiga. Duk inda 'yan uwanmu suke zaune a birnin nan, daga masu ɗaki ɗaya a bayan tashar jirgin ƙasa har masu falo mai kallon ruwa, na zauna a kan kafet ɗinsu, na ga abin da ake turawa ƙarƙashin gado in baƙi za su zo. Yawanci ina kama bakina, don in bakin ya yi tsawo hannun ba zai samu aiki ba. Amma wannan na gidan Injiniya ya tsaya mini a maƙogwaro, in ban amayar da shi ba ciwo zai zame mini.

Gidan yana can ƙololuwar wani dogon bene, sai lifta ta yi sama da kai har kunnenka ya toshe. Ƙofarsu ba ta da ramin makulli. Wani ɗan gilashi ne a jikin mariƙin, ka dangwala babban yatsa, ya kawo kore, ta buɗe. Kana saki ta koma ta rufe kanta ƙit. Ta san yatsan Injiniya, ta san na matarsa Madam, ta san har na 'yarsu mai zuwa firamare. Na Inna ne kaɗai ta ƙi.

Inna ita ce ta haifi Injiniya. An ɗauko ta daga gida lokacin da Madam ta haifi na biyu, wai ta ɗan riƙe shi wata biyu-uku kafin a samu wurin reno. Ranar da na fara ganinta, jaririn nan yana gudu a falo yana kiran Kaka.

“Ran da na zo yaron nan ya kama hannuna ya ɗora, ya sake ɗorawa, abin ya yi ta kawo ja,” in ji ta, tana nuna mini yatsan. “Wai zanen ya goge. Yo yatsan da ya sha wanki da wanke-wanke ina zai bar zane? Ya ce zai kira masu gyara in ya dawo daga tafiya.”

“Yaron nan” haka take kiransa. Shi ne ɗanta na fari, kuma tun da ta haife shi sunansa bai taɓa fita daga bakinta ba, kamar yadda ba ta kama sunan mijinta, sai dai ta ce Malam. Irin mutanen zamanin da ne, kunya ta zame musu fata.

Daga ciki tana iya murɗa ƙofar ta fita, amma in ta fita ba dawowa. Saboda haka ba ta fita. Na taɓa tambayar Madam ko ba lamba da ake dannawa, ta ce akwai.

“To ku ba ta mana.”

“Haba Anti mai kitso! In ta danna ba daidai ba ƙararrawa ta tashi, a zo a tara mana jama'a. Kuma ina za ta je? Ba ta jin yaren, ba ta san hanya ba. Don lafiyarta ne.”

Don lafiyarta! Tun da asuba matar nan take tsaye. Ta shirya babbar zuwa makaranta, ta wanke ƙaramin, ta yi girki, ta goge, ta goya ƙaton yaro a baya har gwiwoyinta suna ƙara. Madam a ɗakin gwajin jini na wani asibiti take aiki, in ta dawo sai ta zube a kujera ta ce yau ba ta da ƙashi a jiki. Makwancin Inna shi ne gadon ƙasa a ɗakin yara, kusa da kwandon kayan wasa. Duniyarta kuwa tagar kicin ce, wadda ba ta buɗewa fiye da tafin hannu. Ta nan take leƙa filin ajiye motoci, har ta raɗa wa mutanen benen suna: Mai Jar Mota, Mai Kare, Tsohuwa Mai Lema.

Abu ɗaya ne a ranta: ta koma wajen Malam. Tsohon yana fama da ciwon suga, kuma ita ce ta san abin da yake ci da abin da ake hana shi. Sau nawa ina kitso zan ji muryarsa a waya, tana ɗan rawa.

“Ƙafar nan ta sake kumbura. Matar ɗan ƙanena tana aiko abinci, amma ba ta san hannu ba. Wai yaushe ne dawowar?”

“Nan kusa, Malam. Yaron nan ya ce in ya dawo daga wannan tafiyar.”

“Hm. Tafiyar tasa ba ta ƙarewa ne?”

Ba ta ƙarewa kam. Kamfanin su Injiniya injinan tace ruwa yake kafawa, sai a tura shi wannan ƙasa, ya dawo ya ɗan sha iska, a sake cilla shi wata. Jakarsa mai taya ba ta komawa saman kabad, kullum tana bakin ƙofa. Fasfon Inna ma a aljihun jakar yake tare da nasa, wai kada yara su yaga. Na ce a raina, fasfon nan ya ga duniya, mai shi ko bakin titi ba ta gani ba.

Wata rana ina yi wa babbar kitso a falo, shi yana naɗe riguna. Inna ta fito daga kicin tana goge hannu da gefen zani, ta tsaya nesa kamar mai neman alfarma.

“Ka ji abin da Malam ya ce?”

“Na ji, Inna. Na yi magana da likitansa, ba wani abu ba ne.”

“Ni dai in ba damuwa, ka sa ni a jirgi kawai. Ba sai an raka ni ba.”

“Yanzu, Inna? Maman yara tana aikin asibiti, ni ga tafiya, wa zai riƙe yaro? Wurin renon nan layi ake bi, har yanzu ba a zo kanmu ba. Bari in dawo.”

“Haka ka ce wancan zuwan.”

Ya ɗago ya sha mur. “Inna, ki gode wa Allah mana. Mutum nawa ne a gida suke mafarkin inda kike? Wuta ba ta ɗaukewa, ruwa ba ya yankewa, ga asibiti a kusa. Me kika rasa?”

Ta dubi ƙasa. “Ba komai. Allah ya tsare hanya.”

Ya sumbaci 'yarsa, ya ja jaka, ƙofa ta rufe. Na ja gashin yarinyar da ƙarfi ban sani ba, har ta yi ƙara, na ba ta haƙuri.

Abin takaicin, a gida ba mai jin kukanta. Makon da ta zo an kai ta wani lambu an ɗauke ta hoto cikin rigar sanyi tana dariya, ga furanni a bayanta. Hoton nan kaf dangi ba wanda ba a tura wa ba. In ta fara yi wa ƙanwarta ƙorafi a waya sai ta ji, “Ke dai Yaya kin samu wuri kin manta da mu, ki bar mu da wahalarmu.” Sai ta yi dariyar yaƙe ta canja magana.

Shi kuwa Injiniya in ya dawo daga tafiya, nan ake shan labari. Ya tara abokai da matansu a ci abincin rana, ya jona waya da talabijin, a yi ta kallon inda ya je: ga shi a gaban wani tsohon gini, ga shi a kan dusar ƙanƙara, ga shi yana kokawa da tsinken cin abinci a kan faranti. Baki gare shi, wallahi, in yana magana sai ka ji kamar da kai aka je. Ran nan ina gefe ina yi wa 'yar wata baƙuwa kitso, ya ɗauko zancen ƙasar da ya fito.

“Mutanen nan sun san darajar tsofaffi. In tsoho ya shigo jirgin ƙasa kowa miƙewa yake. Na ga manaja guda ya rusuna wa mai shara don kawai ya girme shi. Mu fa mun yi sake da tarbiyya, mun bar wa wasu.”

Kowa ya gyaɗa kai, ana “gaskiya ne, gaskiya ne.” Daga inda nake ina hango Inna a bakin famfo, ta dogara da gwiwar hannu saboda ƙafa, tulin kwanukansu a gabanta. Bakina ya ƙi zama.

“Injiniya, su a can tsofaffin nasu har fita suke yi su hau jirgin ƙasa ke nan?”

Wani ya yi tari, wani ya fashe da dariya ya haɗiye. Injiniya ya yi kamar bai ji ba, ya matsa hoto na gaba. Da zan tafi Madam ta raka ni bakin lifta, ba don kara ba.

“Anti, kitso aka kira ki yi. Ki tsaya a kan gashi.”

Da akwai wata mai kitson da hannunta ya kai nawa a birnin nan, da ranar ce ta ƙarshe. Babu, shi ya sa na ci gaba da shiga, na ci gaba da ganin Inna tana ƙarewa. Fatarta ta yi fari ta bushe, idonta ya faɗa. Da can in ƙaramin ya ɗare mata jiki takan ce, “Wannan mijin nawa ba cefane sai son jiki,” mu yi dariya. Wasan ma ya ɗauke. Ba kiran salla a unguwar, sai agogon bango. Gidan kuma zafi ko sanyi duk ɗaya ne, na'ura ce take daidaitawa. Ina shiga abin da take fara tambayata shi ne, “'Yar nan, yau wace rana ce?” In na ce Juma'a sai ta riƙe haɓa ta ce, “Ashe! Ta zo ta same ni ban sani ba.”

Sai ranar da abin ya faru. Akwai wurin zuba shara a ƙarshen baranda, kuma iyakar fitar Inna ke nan: ta tokare ƙofa da silifas, ta yi sauri ta jefa leda ta dawo. Ran nan da hantsi, ta ɗora tukunya, ta ɗauki ledar ƙazantar yaro ta fita. Ƙaramin ya biyo ta, ya ga silifas, ya zare abinsa, ƙofa ta rufe. Shi a ciki, tukunya a kan wuta, ita a waje ba waya, ba mayafi, ƙafa ɗaya ba takalmi.

Na zo da wuri ne don in ɗan zauna da ita kafin babbar ta dawo daga makaranta. Lifta tana buɗewa na ji ƙararrawar hayaƙi da kukan yaro. Ga Inna a durƙushe tana danna yatsa a gilashin nan, ja, ja, ja, har fatar yatsan ta saluɓe. Maƙwabta sun fito sun yi cirko-cirko, tana roƙonsu da Hausa, suna kallonta. Na kira Madam, wayarta tana kulle a kabad ɗin asibiti. Na kira Injiniya, yana sama cikin jirgi. Allah ya sa Mai Kare ya riga ya kira 'yan kwana-kwana. Suka zo suka ɓalle ƙofar da ƙarfe, makullin ya tarwatse, suka fito da yaron yana tari. Bai ƙone ba, bai ji ciwo ba. Inna ta rungume shi, ba abin da take cewa sai “Alhamdu lillahi.”

A ƙasar nan in abu ya shafi yaro ba a rufe shi da “Allah ya kiyaye gaba.” Kafin Madam ta iso, wata jami'ar hukumar kula da yara ta zo. Ni yarensu na kasuwa nake ji, amma ina kama zance. Jami'ar ta tambayi Madam yadda aka yi mai renon yaro ta kasa shiga gidan da take zaune. Na ga idon Madam ya kai kan fasasshen makullin ya dawo.

“Ƙofar tana buɗe mata,” ta ce da yarensu. “Mantawa ta yi yadda ake yi. Kwanan nan mun lura tana ɗan rikicewa, ba mu san abin ya kai haka ba.”

Na ce, “Kai! Ƙarya ce!” Madam ta matso ta kama hannuna tana murmushi saboda jami'ar, ta yi mini magana da Hausa ta cikin haƙora.

“Ki yi mini rai ki yi shiru. In aka ce da saninmu muka bar yaro da wadda ba ta iya shiga gida, ƙwace yaran za su yi, aikin babansu ma ya tafi. Magana ce kawai ta yau, gobe ta wuce.”

Ban yi shiru ba. Na haɗa 'yan kalmomina na ce wa jami'ar ƙofar ba ta taɓa sanin yatsan matar nan ba. Ta saurare ni, ta dubi makullin da ba ya iya ba da shaida, ta ce likita ne zai raba. Ta kuma ce ba ta yarda ɗan gida ya yi tafinta ba, sai ta karɓi lambata. Na ji daɗi, na ce a raina to ai gaskiya za ta fito. Ban san an gama da mu ba.

Ranar ganin likita Injiniya ya dawo, ya zo cikin kwat yana ƙamshi. Wannan ce fitar Inna ta farko a mota tun hoton lambu, tana ta kallon titi kamar yarinya. Likitan dattijo ne mai fara'a. Ya gargaɗe ni cewa in juya magana kawai, ban da taimako, ban da ƙari. Ya faɗi abu uku ya ce ta riƙe, can ya tambaye ta, ta jero su tiryan-tiryan. Ya ba ta lissafi ta yi da ka. Sai ya juya tambaya.

“Yau wace rana ce?”

Ta dube ni. Na kau da kai. Ta ce ba ta sani ba.

“Mene ne sunan titin da kike zaune? A hawa na nawa gidanku yake? Wane kanti ne kusa da ku?”

Ina za ta sani? Wa ya taɓa fitar da ita? Likita yana rubutu, Injiniya yana kallon takalminsa. Sai likitan ya nuna shi da biro.

“Wane ne wannan?”

“Yaron nan ne.”

“Mene ne sunansa?”

Inna ta yi murmushin kunya, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. “Ki ce masa ai shi ya san sunansa.”

Likita ya sake tambaya, ta sunkuyar da kai. Ya ce to sunan mijinta fa? Ta ce Malam. Ya ce suna ne wannan? Na ce a'a, na shiga bayani cewa a wajenmu tsofaffin mata ba sa kama sunan ɗan fari ko na miji, girmamawa ce. Amma yaren ya gaza ni, kalmar kunya ma ban san yadda suke ce mata ba, na yi ta dambarwa da hannu. Likita ya juya ga Injiniya, mai yare kamar ɗan ƙasa, ya ce haka ne?

Injiniya ya cire tabarau, ya goge shi da gefen riga. “Akwai wani abu mai kama da haka a zamanin da,” in ji shi a hankali. “Amma ita da sunana take kirana. 'Yan watannin nan ne ta daina.”

Na miƙe tsaye ban sani ba. “Injiniya, ka ji tsoron Allah! Uwarka ce fa!”

Likita ya ce in zauna ko in fita. Inna ta ja gefen rigata tana tambaya me ya ce, me ya ce. Na faɗa mata, ban rage ko kalma ba. Na durƙusa a gabanta na kama gwiwarta.

“Inna, don Allah ki faɗa. Sau ɗaya tak. In ba ki faɗa ba za su rubuta ba ki da hankali, ba za ki koma gida ba.”

Ta ɗago ta dubi ɗanta ido cikin ido, abin da ban taɓa gani ta yi ba. Leɓenta ya motsa, na rantse sunan ya zo har bakin haƙoranta. Shi kuwa ya ƙura wa bango ido. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta sauke mayafin a kan fuskarta.

“Bari, 'yar nan. In shi bai ji kunya ba, ni ina ji.”

Likita ya rubuta abin da ya rubuta.

Wurin renon da aka ce layi ake bi, cikin 'yan kwanaki aka samu. Aka kafa sabuwar ƙofa, wannan karon da wani makulli a sama wanda ba ya buɗewa daga ciki, wai shawarar likita ce don kada ta fita ta ɓace. In za su fita da safe sai su kashe wutar murhu daga bango. Wanki da guga da shara dai ba a ce ciwon ya hana ta ba. Na tare Injiniya a bakin lifta na ce to tunda yaro ya samu reno, ai sai a mai da ta gida.

“Mai irin wannan lalurar ba a sa ta jirgi ita kaɗai,” in ji shi, yana duba agogo. “Sai na samu hutu na raka ta. Kuma jami'ar nan tana leƙowa, ba za a ce yau an gano ciwo gobe mun tura ta ba.”

“Ko dai kana tsoron ta je gida a ga lafiyarta ƙalau?”

Ya dube ni sama da ƙasa. “Ke wace ce a gidan nan?”

Zuwana na ƙarshe, Madam ce ta buɗe mini ƙofa, fuska a murtuke, na gama da babbar, na ce sai na tsefe wa Inna kai kafin in tafi. Muna ɗakin yara, ta zauna a ƙasa tsakanin ƙafafuna, gashin duk ya karye. Wayarta ta yi ƙara. Malam ne. Fuskarta ta haskaka, ta gyara zama.

“Malam, ina wuni? Yaya ƙafar?”

Sai muryarsa ta fito a hankali, yana jan kowace kalma kamar mai magana da ƙaramin yaro.

“Kin gane ni? Ni ne. Mijinki ne.”

“Haba Malam, me ya sa ba zan gane ka ba?”

“To, to, madalla. Yaro ya yi mini bayani duka. Ya ce har shi kin manta. Kada ki damu, jarrabawa ce.”

“Malam, lafiyata ƙalau. Wallahi lafiyata ƙalau. Ƙofa ce ta...”

“Ya ce za ki ce haka. Ya ce masu ciwon haka suke cewa.” Muryarsa ta karye, na ji yana jan hanci. “Ki saurare ni. Na yafe miki dawowar nan. Ki zauna inda likitoci suke, ki sha magani, ki bi abin da yaro ya ce. Ni zan lallaɓa. Kada in sake jin kin tayar masa da hankali a kan tafiya, kin ji ko?”

Mutumin da kullum yake tambayar yaushe ne dawowar, yau shi ne yake rufe mata hanya, kuma don ƙauna. Ta riƙe wayar da hannu biyu. Na jira ta yi ihu, ta yi rantsuwa, ta ba ni wayar in wanke ta. Na miƙa hannu ma, ta ture.

“To, Malam,” ta ce. “Ka riƙa rage gishiri.”

Ta ajiye wayar a cinya. Na ci gaba da tsifa, hawayena suna ɗiga a kanta, ita ko ɗigo. Da zan fita Madam ta ce ta samu wata mai kitson, na ce Allah ya raka taki gona, ta murɗa makullin sama a bayana.

Na je hukumar nan da ƙafata, aka ce likita ya riga ya ba da sakamako. Na samo lambar ƙanwar Inna na kira, ta ce wace ce ni da zan shiga tsakanin uwa da ɗa, ɗan da ya kai uwarsa asibitin waje. Na gaya wa matan da nake yi wa kitso, wasu suka ce Allah ya kyauta, wasu suka daina kirana.

To ku da kuke ɗauko iyayenku ku kawo su ƙasar mutane, ku kira abin da sunansa. Mai reno kuke so wadda ba ta neman hutu, ba ta kai ƙara, ba ta iya buɗe baki ta la'ance ku don ita ta haife ku. Ku yi ta yawon duniya kuna yaba tarbiyyar wasu, kuna turo hotuna, tsohuwa tana bakin taga tana tambayar bango yau wace rana ce. Wallahi baƙuwar da kuka ɗauka aiki ba za ku iya yi mata rabin haka ba, don tana da doka a bayanta. Inna ba ta da komai sai kunya, ita kuka samu kuka ɗaure ta da ita.

Kwanan baya na je wani gida aiki, maza suna falo, na ji ana zancensa. Wai Injiniya ɗa ne na gari, duk da tafiye-tafiyensa ya riƙe mahaifiyarsa mai ciwon mantuwa, ya ƙi kai ta gidan tsofaffi, ya ƙi mai da ta gida ta wulaƙanta. Wani dattijo ya ɗaga hannu ya ce Allah ya ba mu 'ya'ya irinsa, Allah ya sa nasa 'ya'yan su yi masa yadda ya yi wa uwarsa. Falo ya ɗauka da amin.

Addu'ar farkon na ƙi amsawa. Ta biyun kuwa, duk gidan ba wanda ya kai ni ɗaga murya.